Tsakanin Jan Kunne da Ƙwace Lasisi: Wane Hukunci Ya Dace da Mai Harhaɗa Magani?

Wani dare bayan sallar isha'i aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Da na leƙa sai na ga mai harhaɗa magunguna na kantin da muke sayen maganin hawan jinin mahaifiyata, tsaye da 'yar leda a hannu, ko farar rigar aiki bai tuɓe ba. Ya ce wurin Hajiya ya zo. Aka yi masa iso, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Hajiya, afuwa na zo nema. Maganin da na ba yaron da kika aika ɗazu mai miligiram 10 ne, alhali mai 5 likita ya rubuta miki. Sai da na zo lissafin rufe kanti na ankara. Kin riga kin sha?" Ta ce a'a, ita da safe take sha. Ya sauke wata ajiyar zuciya da har yau nake jin ta a kunnena. Ta karɓi na daidai ta jera da na farko, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Ɗan nan, ni ai duk ɗaya na gan su. Allah Ya yi maka albarka."

Babu wanda ya san da kuskuren nan sai shi da Mahaliccinsa. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da ko jiri ya ɗebe ta cewa za mu yi tsufa ne. Tun ranar nake juya tambayoyi biyu a raina. Da a ce doka ta tanadi cewa duk wanda ya amsa irin wannan kuskure zai rasa lasisinsa, anya zai tako ƙofarmu? In kuma a ce wannan ne karo na goma da ya yi haka cikin wata guda, saboda sakaci ko saboda yana taɓa kayan maye, wa zai tsayar da shi, kuma da wace sanda?

A kan waɗannan tambayoyi ake kai ruwa rana a majalisun dokokin jihohin Amurka duk sa'ad da aka kawo ƙudirin da zai ƙara wa hukumar ba da lasisi hanyoyin ladabtar da masu harhaɗa magunguna. A can gwamnatin tarayya ba ta ba su lasisin aiki. Kowace jiha tana da hukumarta, wadda galibin mambobinta 'yan sana'ar ne da gwamna ke naɗawa, a haɗa musu da mutum ɗaya ko wasu kaɗan masu wakiltar jama'a. Hukumar ba ta da ikon zartar da wani hukunci sai wanda dokar jiharta ta ambata. In doka ba ta ba ta damar cin tara ba, ba za ta ci ba ko da ta ga tarar ce ta dace. Shi ya sa sauya layi biyu a irin wannan doka, abin da mai karatu zai ɗauka aikin lauyoyi ne kawai, yake iya sauya makomar mutane.

Ya kamata a rarrabe ƙofofi uku, domin mutane kan haɗa su. Kotun manyan laifuka ita ke ɗauri. Kotun neman diyya ita ke sa a biya wanda aka cutar. Hukumar lasisi kuwa tambaya ɗaya take amsawa: shin mutumin nan za a iya ci gaba da damƙa masa rayukan jama'a, kuma bisa wane sharaɗi? Ramuwa ba aikinta ba ce. Mutum ɗaya a kan kuskure ɗaya zai iya shiga duka ukun.

Abin da irin waɗannan ƙudirori ke nema shi ne a mayar da hukunci hawa-hawa kamar tsani. Can ƙasa akwai wasiƙar jan kunne, wadda a wasu jihohin ba a ma lissafa ta cikin hukunci. Sama da ita akwai tsawatarwa a bainar jama'a, wadda ke shiga fayil ɗin mutum, duk mai son ɗaukarsa aiki ya gani. Akwai tara, akwai tilasta komawa aji a kan fannin da aka gaza. Akwai kuma barin mutum ya yi aiki bisa sharaɗi, kuma wannan hawa ne mai faɗi: a hana shi shugabantar kanti, ko a hana shi haɗa allurai, ko a ce ba zai yi aiki shi kaɗai ba sai da wani a gefensa, ko a riƙa gwada fitsarinsa ba zato ba tsammani. Daga nan sai dakatarwa ta wani lokaci, sai soke lasisi ɗungurungum. Hukumar da aka ba hawa na farko da na ƙarshe kaɗai tana cikin tsaka mai wuya, domin yawancin ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa gabanta sun fi ƙarfin wasiƙa, ba su kuma kai a raba mutum da abincinsa har abada ba. Sai ta zaɓi ɗaya: ko ta wuce gona da iri, ko ta kau da kai. Duka biyun sun taɓa faruwa, kuma an ga abin da suka haifar.

A watan Fabrairun 2006, a wani asibitin yara da ke Cleveland a jihar Ohio, an kwantar da wata yarinya 'yar shekara biyu mai suna Emily Jerry domin a yi mata zagaye na ƙarshe na maganin ciwon daji. Hoton da aka ɗauka ya riga ya nuna ƙarin da ke jikinta ya baje, iyayenta na shirin komawa gida da ita. Ranar Lahadi ce. Ma'aikata sun yi ƙaranci, an kashe kwamfutar sashen magani domin gyara, aiki ya taru. Mataimakiyar da aka ba haɗa ruwan da za a ɗaura wa yarinyar ba ta ɗauki ledar ruwan gishiri da aka saba amfani da ita ba, mai gishiri kashi 0.9 cikin 100. Sai ta cika leda da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 23.4 cikin 100, wato fiye da ninki 20. Duka biyun farin ruwa ne garai-garai, ido ba ya bambance su. Mai harhaɗa maganin da ke bakin aiki, Eric Cropp, ya duba ya sa hannu. Aka ɗaura wa yarinya, ta dafe kai tana kuka, ta suma, kwana uku bayan haka ta rasu.

A 2007 hukumar jihar Ohio ta soke lasisinsa har abada. Gaskiya ce a faɗa cewa hukumar ta haɗa da wasu kurakurai da ya yi daga baya a wani kantin da ya koma aiki bayan asibitin ya sallame shi, saboda haka ba a kan rana ɗaya kaɗai ta yanke hukunci ba. A 2009 kotu ta ɗaure shi wata shida kan kisan kuskure, da ƙarin wata shida na ɗaurin talala a gida, da tarar dala 5,000, da awa 400 na yi wa al'umma hidima. Ita mataimakiyar da ta haɗa ruwan da hannunta ba a gurfanar da ita ba, hukumar ma ba ta da igiyar da za ta ja ta da ita, domin a lokacin jihar ba ta yi wa mataimaka rajista ko jarrabawa. Sai a farkon 2009 gwamna Ted Strickland ya sa hannu a dokar da aka raɗa wa sunan Emily, wadda ta wajabta wa mataimaka cin jarrabawa da binciken halayyarsu kafin su taɓa magani.

Ina tausaya wa iyayen yarinyar nan ƙwarai, kuma ba na ganin laifin uwar da ta nemi a ɗaure wanda ya sa hannu. Amma mu duba abin da hukuncin ya gyara. Bai ƙara ma'aikata ranar Lahadi ba. Bai hana ajiye ruwan gishiri mai ƙarfi inda hannu zai kai gare shi cikin gaggawa ba. Saƙon da ya isar ga sauran 'yan sana'ar shi ne, in ka yi kuskure ka rufa wa kanka asiri. Mahaifin yarinyar, Chris Jerry, daga baya ya yafe wa Cropp a bainar jama'a, har suka riƙa zagayawa tare suna yi wa ma'aikatan lafiya jawabi kan yadda tsarin aiki ke jefa mutum cikin kuskure.

Masana kiyaye lafiyar majiyyata sun daɗe suna raba halin ma'aikaci gida uku. Akwai tuntuɓen da ɗan Adam ba ya kuɓuta daga gare shi, ya yi niyyar ɗaukar wannan ya ɗauki wancan. Akwai ratse, inda mutum ya saba tsallake wani mataki na dubawa saboda ya ga kowa na yi kuma ba abin da ya taɓa faruwa. Akwai kuma ganganci, inda ya san haɗarin ya take sani. Na farko gyaran wurin aiki yake buƙata, na biyu horo da sa ido, na uku shi ne na sanda. Washegarin zuwan mutumin nan gidanmu na bi ta kantinsa. Na tarar ya kwashe masu miligiram 10 ya mayar da su wata kanta daban, ya manna musu jan salatif. Kwalayen kamfani ɗaya ne, launi ɗaya, lambar kaɗai ta bambanta, kuma da a jere suke. Dokar da ba ta da gurbin irin wannan gyara ba ta san yadda kuskure ke aukuwa ba.

Birtaniya ta sha irin wannan ɗaci. Wata mai harhaɗa magunguna, Elizabeth Lee, tana cikin aikin awa goma ba hutu ta ba wata dattijuwa propranolol a madadin prednisolone, sunaye biyu masu fara kama da juna. Matar ta rasu kwanaki kaɗan bayan haka, amma binciken gawa ya nuna ciwon da take fama da shi ne ajalinta. Duk da haka a 2009 kotu ta yanke wa Lee ɗaurin wata uku na jeka-ka-gyara-halinka a ƙarƙashin dokar magunguna ta 1968, sai a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi tarar fam 300. 'Yan sana'ar sun yi shekaru suna fafutuka kafin a watan Afrilun 2018 a fara aiki da gyaran da ya ba su kariya daga tuhumar laifi a kan kuskuren da ba da gangan ba. Cikin sharuɗan kariyar akwai wanda ya fi burge ni: dole a sanar da majiyyaci da gaggawa da zarar an gano kuskuren. Wato doka ta ce kariyarka tana cikin ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya. Ita kuma hukumar da ke kula da sana'ar a can tun 2010 tana da gargaɗi, da aiki bisa sharaɗi har zuwa shekara uku, da dakatarwa har zuwa wata 12, da share suna daga rajista, wanda sai bayan shekara biyar mutum zai iya neman a mayar da shi.

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya cewa to ai magana ta ƙare, a ƙara wa hukumomi hanyoyin sassauci. Ba ta ƙare ba, domin akwai Massachusetts.

A garin Framingham na wannan jiha akwai wani kamfanin haɗa magunguna da aka fi sani da NECC. Lasisin kantin magani gare shi, wanda ya ba shi damar haɗa wa majiyyaci magani bisa takardar likita, amma a aikace masana'anta ce da ke tura allurai dubbai zuwa asibitocin jihohi da dama. Tun shekarun farko na buɗe shi ƙorafi ke zuwa gaban hukumar jihar, masu binciken tarayya ma sun shiga sun ga matsalar tsafta. A 2004 hukumar ta nemi ta tsawatar masa a bainar jama'a ta kuma sa masa ido na shekara uku. Lauyan kamfanin ya rubuta cewa wannan zai shafi lasisin da suke da su a wasu jihohi, har ya iya kashe kasuwancin. A farkon 2006 aka sasanta a kan yarjejeniyar da ba a lissafa ta a matsayin hukunci ba. Fayil ɗin kamfanin ya zauna fes a idon duniya. A 2012 allurar ciwon baya da ya haɗa, wadda fumfuna ta gurɓata, ta haddasa sanƙarau a jihohi 20. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya mutum 753 da suka kamu, 64 suka mutu. An kori daraktan hukumar jihar saboda ya zauna a kan ƙorafin da jihar Colorado ta aiko watanni kaɗan kafin annobar. Shugaban kamfanin, Barry Cadden, an ɗaure shi shekara tara a 2017, daga baya aka ƙara zuwa sha huɗu da rabi. Majalisar tarayya ta yi sabuwar doka a 2013 kan masu haɗa magani da yawa haka.

A nan hukumar ba ta rasa hawa na tsakiya ba. Tana da shi, sai ta yi amfani da shi wajen ɓoye abin da ya kamata duniya ta sani. Wannan ne babban tsoron masu adawa da faɗaɗa hanyoyin sassauci, kuma tsoro ne mai tushe. Hukumar da 'yan sana'a suka fi yawa a cikinta tana iya jin nauyin nata, kowa ya yi makaranta da wani, kowa ya san gobe shi ma zai iya zama a kujerar wanda ake tuhuma. In aka ba ta ƙofar da za ta rufe magana a asirce, mai lauyoyi da kuɗi shi zai fi shiga ta wannan ƙofa. Ƙaramin ma'aikaci irin Cropp, wanda ba shi da kowa, shi zai sha babbar sanda. Saboda haka idan aka kawo ƙudiri, yawan hukunce-hukuncen da ya jera ba shi ne abin dubawa na farko ba. A duba wanne za a wallafa, wanne za a ɓoye, wa ke yanke shawarar hakan, kuma sau nawa mutum zai ci moriyar wasiƙar sirri kafin a ce ya isa haka. Ni a ganina wasiƙar sirri ta dace da kuskuren farko da bai cutar da kowa ba. Da zarar magana ta shafi tsaftar allura, ko ta maimaitu, ko rai ya salwanta, haƙƙin jama'a ne su sani.

Tara ma tana da nata tarko. Dala 5,000 na iya karya mai ƙaramin kanti a ƙauye, amma ga kamfani mai rassa dubbai kuɗin shan ruwa ne, zai biya ya ci gaba da abin da yake yi. Kalifoniya ta lura da haka. A 2021 ta yi dokar da ta ba hukumarta damar cin tarar da ta kai dala 100,000 idan rassa uku ko fiye na kamfani ɗaya suka maimaita laifi iri ɗaya cikin shekara biyar, da dala 150,000 idan aka tabbatar laifin ya samo asali daga rubutacciyar manufar kamfanin ko masu shi ne suka ƙarfafa shi. A Oktoban 2023 kuma gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a wani ƙudiri na ɗan majalisa Matt Haney, wanda ya wajabta wa kantuna kai rahoton kurakuran magani ga wata cibiya da hukumar ta amince da ita, ya kuma ba mai harhaɗa maganin da ke shugabantar kanti ikon yanke shawara kan yawan ma'aikatan da aiki ke buƙata. In ya ga yanayin da ke barazana ga rai ya sanar da masu kanti, in ba su gyara cikin awa 24 ba ya sanar da hukuma. Wannan doka ta gane cewa wanda ke tsaye a bayan kanta sau da yawa ba shi ke tsara yawan takardun da zai cika cikin awa ɗaya ba. Hukunta shi kaɗai a bar mai tsara aikin tamkar barin jaki ne a doki taiki.

Akwai batun da ba a cika son tayar da shi ba, wato 'yan sana'ar da suka faɗa shan ƙwaya. Mutum ne mai riƙe da makullin durowar magunguna masu sa maye, yana cikin gajiya da damuwa. In hukunci ɗaya tilo shi ne soke lasisi, abokan aikinsa za su rufa masa asiri don kada su kashe masa gida, ya ci gaba da ba mutane magani hankalinsa ba a jikinsa ba. Jihohi da yawa, har da Kalifoniya, suna da shirin jinya na musamman ga irin waɗannan: a janye mutum daga aiki, a yi masa magani, a dawo da shi a hankali bisa gwaji da sa ido na shekaru. Na yarda da wannan tsari, muddin wanda ya saci magani ya sayar wa wasu ba zai fake a bayansa ba.

Gefe guda kuma akwai ikon dakatarwar gaggawa kafin a saurari shari'a. Hukuma na buƙatarsa, domin ba za a bar wanda ake zargi da gurɓata allura ya ci gaba da aiki ana jiran zaman da sai bayan wata takwas ba. Amma wuƙa ce mai kaifi, dole doka ta ƙayyade wa'adinta, ta kuma ba mutum damar kare kansa cikin hanzari. A Birtaniya irin wannan umarni ba ya wuce wata 18 sai an koma kotu.

To mu a Najeriya fa? Dokar da ta kafa hukumar masu harhaɗa magunguna a 1992 ta bi salon yawancin dokokin sana'o'inmu: kwamitin bincike ya tattara hujja, kwamitin ladabtarwa ya zauna, sannan ya tsawatar ko ya sa a share suna daga rajista. Hawa biyun nan ke nan da muka ga illarsu. Ko dokar likitoci, wadda ta ƙara dakatarwa a tsakani, ta tsayar da ita a wata shida. A watan Agustan 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1992, ta sake kafa hukumar, wadda ake kira PCN, a sabon fasali, da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, ta kuma fayyace ikonta a kan mataimaka, da masu kemis, da wuraren da ake sayar da magani. Wannan faɗaɗawa ita ce giɓin da Ohio ba ta cike ba sai da ta rasa yarinya.

Kotun ladabtarwa a ƙasar nan tana aiki ne cikin shingen da manyan kotuna suka kafa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta sauraron kowane ɓangare. A shari'ar Denloye ta 1968 kotun ƙoli ta ce idan zargin da ake yi wa likita laifi ne da dokar manyan laifuka ta tanada, kotu ce za ta fara yanke hukunci kafin kotun sana'a ta taɓa shi. A shari'ar Gani Fawehinmi ta 1985 ta ce mai tuhuma ba zai zama alƙali a magana ɗaya ba. Waɗannan kariya ce ta gaskiya ga wanda ake zargi. Sai dai a ƙasar da shari'a kan shekara goma a kotu, ma'anarta ita ce wanda ake zargi da laifi mafi muni shi zai fi daɗewa riƙe da lasisinsa, in dai babu ikon dakatarwar wucin gadi mai ƙa'ida.

Sannan matsalarmu tana da wata fuska da ta Amurka ba ta da ita. Mafi yawan mutanen Arewa, musamman a karkara, ba gaban mai digirin harhaɗa magani suke zuwa ba. Kemis suke zuwa, wanda lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, amma ake kiransa likita, yake allura, yake ɗaura ruwa. Akwai kuma hayar lasisi, wadda kowa a harkar ya san da ita: ɗan kasuwa ya buɗe kanti, ya biya mai lasisi kuɗi a rataye takardarsa a bango, shi kuwa mai takardar yana wani gari yana wani aiki. Bayan binciken da BBC ta fitar a 2018, gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na wannan shekara ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafi irin su taramol suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Wani kaso na waɗannan kaya magani ne na halal da ya zurare ta hannun wani da aka ba amana.

Sandar da aka fi ganin hukumomi da ita a nan ita ce kwaɗo da sarƙa. A Fabrairun 2024 NAFDAC da PCN sun rufe shaguna 1,321 a kasuwannin magani na Kano, bayan babbar kotun tarayya ta umarci 'yan kasuwar su koma cibiyar sayar da magani a sari da ke Dangwauro. Rufe shago yana da amfaninsa, amma shago gini ne. Mutumin da ya yi hayar da lasisinsa zai iya cire takardarsa daga wannan bango ya rataye a wani. A nan hukuncin hawa-hawa zai yi aiki sosai: wanda aka kama karo na farko a ci shi tara a hana shi shugabantar kanti na shekara biyu, in ya maimaita a dakatar da shi, in kantin da sunansa ke kai aka samu yana sayar wa yara kodin a share sunansa. Shi ma ɗan kasuwar da ya yi hayar a hana shi sake mallakar kantin magani. Mai kemis da ya wuce iyakarsa saboda babu asibiti a nisan kilomita 30 kuwa, a fara da horar da shi da sa masa ido, domin rufe shi kaɗai zai tura mutanen garin wurin mai tallar magani a faranti cikin rana.

Abin da nake roƙon hukumar PCN da 'yan majalisarmu shi ne duk hukuncin da kotun ladabtarwa ta yanke a wallafa shi a intanet, da sunan mutum, da abin da ya yi, da wa'adin hukuncin, da Turanci da Hausa da sauran manyan harsuna, yadda mai shirin ɗaukar ma'aikaci a Gusau zai iya duba abin da aka yanke a Yola daga wayarsa. A kuma rubuta ƙarara cikin ƙa'idojin hukunci cewa wanda ya gano kuskurensa ya je da ƙafarsa ya sanar da majiyyaci, za a lissafa masa wannan zuwa a matsayin abin sassauci ranar da ya tsaya gaban kotun.